Garin Neman Gira: Tsokaci kan Hotunan Malam-buɗe-littafi na Urno

Ƴan uwa, duk wanda ya halarci zamanmu na ƙarshen wata ya ga hotunan nan ashirin da huɗu da aka manna a jikin kwali biyu aka jingina da bango. Dukkansu na malam-buɗe-littafi ne, kuma dukkansu a Urno aka ɗauke su, can gabas da Madawa, a ƙarshen daminar da ta wuce. A saman kwalin an rubuta da babban baƙi: "Abin da na gani a Urno." An tafa wa mai hotunan, har da ni cikin masu tafin. Wata ƴar uwa ta ce wallahi ba ta san akwai irin wannan kyau a jihar Tawa ba. Wani ya ce a nemi gasa a tura su. Ni dai ban ce uffan ba, don ba ranar buki ake faɗa wa ango aibinsa ba. Yanzu buki ya watse.

Kada wani ya ce hassada ce ta motsa ni. Mai hotunan taubashina ne, ɗan kawuna, kuma kun san abin da ke tsakanin taubasai: al'ada ta yarje mini in tsokane shi gaban kowa, shi kuma ba shi da izinin fushi. Na ba shi rubutun nan ya karanta kafin a kai wa mai fotokopi. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, wai in faɗa wa jama'a cewa shi safiya goma sha bakwai ya fita daji, ni kuwa sau uku kacal na bi shi, sauran ina sharar barci. To, na faɗa. Amma safiya ukun nan sun ishe ni, domin na ga abin da wayarsa ta ɗauko tun kafin a kai hotunan wanka da kwalliya.

Bari in fara da yabo, don akwai abin yabon. Ɗaukar hoton malam-buɗe-littafi da ƴar Tecno ba wasan yara ba ne. Wayar ba ta jawo nesa yadda ya kamata, dole sai ka kai ta kusa da ƙwaron kamar taƙi ɗaya, shi kuwa ko inuwarka ce ta gifta masa ya tashi. Taubashina ya gano da kansa abin da masu wannan sana'a suka daɗe da sani: ƙwaron nan sai rana ta ɗumama masa jiki yake iya tashi da ƙarfi. Saboda haka daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe takwas, kafin raɓa ta gama bushewa, yakan yi lamo a kan ganye, ya buɗe littafinsa yana shan hantsi. Nan ake samun sa. Mutumin naku ya koyi zuwa ta inda inuwarsa za ta faɗi gefe, ya durƙusa tun daga nesa, ya miƙa hannu sannu-sannu kamar mai satar nama a tukunyar uwarsa.

Ya kuma gano bakin rijiya. Inda dabbobi suka sha ruwa suka bar caɓi da fitsari da kashi, nan su malam ke taruwa in hantsi ya ɗaga, farare da masu ruwan ɗorawa, wani lokaci fiye da ashirin a wurin da bai wuce faɗin faifai ba. Gishiri suke tsotsa, kuma yawancinsu maza ne. Da idona na ga ɗan kawuna, mutumin da ba ya fita sai da karin guga a wando, kwance rub da ciki a cikin wannan caɓi. Wani dattijo mai shayar da shanu ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Ɗiyan lakwal, mi kuka biɗa cikin kashin shanu? Ko wani abu ya hwaɗi?" Da muka nuna masa wayar sai ya kama haɓa, ya ce ashe boko har nan ya kai. Hoto na 11 a wurin aka ɗauke shi, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne. Ana ganin sawun kofato, ana ganin ruwa yana ƙyalli a cikin sawun, ƙwarin sun jeru a bakinsa kamar almajirai sun kewaye akushi. Shi ne kuma wanda aka fi ƙarancin taɓawa, saboda ƙwarin sun yi masa yawa, ya rasa ta inda zai fara gyara.

Yanzu mu zo hoto na 7, wanda kowa ya tsaya gabansa. Babban malam ne mai ruwan goro, bakin fiffikensa baƙi da ɗigo-ɗigon fari, ya buɗe sarai. Duk ɗan ƙauye ya san shi, shi ne wanda ba ya nisa da tumfafiya. Masana suna ce masa Danaus chrysippus. A jikin tumfafiya da danginta yake yin ƙwai, tsutsarsa ta ci ganyen, ta tara dafin farin nonon nan da ake hana yara taɓawa kada ya shiga ido, dafin kuma ya bi ta har ta yi fiffike. Shi ya sa tsuntsaye ba su cika cin sa ba, shi ya sa kuma yake tashi cikin isa, ba gaggawa, kamar ɗan sarki a kasuwar garinsu.

Ina tsaye bayan taubashina lokacin da ya ɗauki wannan hoto. Fikafikan baya na ƙwaron farare ne, fari tas, sai ɗan zagayen ruwan goro da baƙi a gefe. A kwalin kuwa, ku tuna, ruwan goro ne gaba da baya. Da na tambaye shi, sai ya ce ya duba hotunan irinsa a intanet ya ga duk ruwan goro ne, sai ya ɗauka hasken rana ne ya ƙone wurin a waya. Ya sa yatsa ya bi farin ya shafe. Kusan awa guda ya ɓata a kai, in ji shi. Aikin kuma ya fita, ba a ganin sawun hannu ko kaɗan.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙwaron nan ya bazu daga Afirka har Indiya da Ostareliya, kuma kamanninsa sun bambanta daga yanki zuwa yanki. Na Indiya ruwan goro ne gaba da baya, kuma hotunansa ne suka cika intanet. Na Afirka ta Yamma kuwa, wanda masana suka laƙaba wa suna alcippus, farin fiffiken baya shi ne shaidarsa. Wato abin da ɗan kawuna ya ɗauka kuskuren waya ne, shi ne tsagar gadon ƙwaron. Kamar ka ɗauki hoton tsohon Bagobiri ne, ka zauna awa guda kana goge masa tsagar kumatu, don mutanen da ka saba gani a talabijin ba su da ita. Abu ɗaya tak a hoton da ke cewa wannan namu ne, shi aka fara cirewa.

Ban yi masa dariya sosai ba, don na taɓa tafka irinta. A shekarata ta biyu a sashen nazarin harshe aka ba mu aikin naɗo magana daga bakin mutane mu rubuta. Na naɗi wata gwaggonmu a Urno tana ba da labarin farin 1984, minti goma sha biyu. Na zauna na rubuta shi tsaf da kyakkyawan hannu. Inda ta ce "munka tahi" na sa "muka tafi". Inda ta ce "shina kuka" na sa "yana kuka". "Ɗiyana" ya koma "ƴaƴana", "hwari" ya koma "fari". A zuciyata gyara nake yi, ina fid da tsohuwa kunya gaban ƴan birni. Malaminmu ya karanta shafi ɗaya ya ajiye, ya ɗago ya ce, "Wannan baiwar Allah a Kano aka haife ta?" Aji ya kwashe da dariya. Ya ce in koma in rubuto abin da ta faɗa, abin da nake ganin ya kamata ta faɗa kuwa in riƙe kayana. Saboda "munka" ɗin aka tura ni Urno, ni kuma shi na fara zubarwa a shara. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, ga shi da ita nake muku rubutu. Amma wanda aka aika ya kawo shaida ba a aike shi ya yi mata ado ba. Ni na goge wa gwaggo hwarinta, shi ya goge wa ƙwaro farinsa. Karin sauti kawai ya raba laifina da nasa.

Sai maganar ɗinki. A hoto na 4 da na 15 da na 20, ƙwarin suna da yagaggen fiffike a asali. A kwalin duk sun fito cif, kamar yanzu aka ciro su daga leda. Ya kwafo wani sashe na fiffiken ya liƙa inda ya yage, ya ƙara musu launi inda ya koɗe. Na 15 ya fi ci mini rai, bari in faɗi dalili.

Wata ƴar uwa da ke karatun ilimin halittu ta dubi na asalin ta ce Vanessa cardui ne, matsakaici, ruwan goro mai duhu da zanen baƙi da fari a ƙarshen fiffike. Wannan ƙwaro ɗan cin rani ne na gaske, ya fi Ba'adare tafiya. Bincike ya nuna yana ƙetaro Sahara daga Turai a ƙarshen damina, ya zo ya hayayyafa a wannan yanki namu, zuriyarsa kuma ta koma arewa daga baya. Samarinmu suna bi ta Agadas su nufi can, shi yana yo nan, ba fasfo ba ɗan rakiya. A watan Oktoba na 2013 wani masani ɗan Sifen, Gerard Talavera, ya tsinci wasu irinsa a bakin teku a Guyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, inda ba a san su da zama ba. Sun gaji liƙis, fikafikansu duk sun yayyage. Shekara goma shi da abokan aikinsa suna bin sawu, sai a 2024 suka fitar da sakamako a mujallar Nature Communications: daga Afirka ta Yamma ƙwarin suka taso, suka ƙetare tekun Atlantika, tafiyar aƙalla kilomita 4,200, iska tana tura su. Da me aka gane? Cikin hujjojin akwai garin fure da ya maƙale a jikinsu. Da aka bincika garin sai aka samu na sabara da na kurna. Sabara fa, ƴan uwa, wadda muke sarewa a gona kowace bazara. Kurna da muke jifa da dutse a hanyar lakwal. Ƙurar da ke jikin ƙwaro da yagewar fiffikensa su suka ba da labarin da ba wanda ya taɓa tabbatarwa kafin nan.

Ban ce na hoto na 15 daga Turai ya zo ba, ba ni da hujja. Abin da na ce, sabon fiffike mai sheƙi yana nuna ƙwaron nan kusa ya ƙyanƙyashe, kwanan nan. Koɗaɗɗe mai yagewa yana nuna ya kwana biyu a duniya, ko ya sha hanya, ko bakin tsuntsu ya kuskure shi. Mu da muka kira shi malam-buɗe-littafi, ai ya kamata mu fi kowa sanin cewa akwai rubutu a shafin. Ɗan kawuna ya samu littafi a buɗe, ya goge rubutun, ya ba mu takarda mai kyau.

Abin da ya fi jawo mana gardama, har muka kai tsakar dare a kan tabarma, shi ne bayan hotunan. Tara daga cikinsu ba su da baya kwata-kwata, sai wani tsanwa mai laushi kamar an shimfiɗa atamfa. Sauran kuma an ƙara musu tsanwa har ka ce a Gaya aka ɗauke su tsakiyar Agusta. Wanda ya san Urno a Oktoba ya san ciyawa ta fara juyawa ruwan ƙasa, an fara yankan gero, kara yana tsaye a gona, jar ƙasa ta fara leƙowa. Duk wannan babu. A na 9 ya dusashe wata anza har ba a gane ta. A na 7 akwai baƙar leda da ta sarƙe a reshen tumfafiya, ya goge ta, ya haɗa da rabin tumfafiyar.

Ga abin da ya ce, kuma ina so ku ji shi da kyau, don ba maganar banza ba ce. "Kai ba ka gaji ba? Duk hoton da duniya ta sani na ƙasag ga, yaro na da ƙuda ga ido. In munka samu abu mai kyawo, sai mu sa mishi leda da anza?" Muna goye a 2005, lokacin da hotunan yaran Maradi da Tawa masu tamowa suka zagaya duniya, amma mun girma a cikin inuwarsu. Duk wanda ya taɓa rubuta sunan ƙasarmu a intanet ya nemi hoto ya san abin da ke fitowa. Anza kuwa a gidansu sunanta yunwa. Ya ga mahaifiyarsa tana jiƙa dilo kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, a shekarar da rumbu ya ƙare da wuri. Ya ce shi ba zai biya dala hamsin-hamsin a wanke masa hoto ba, sannan ya manna wannan tunanin a bango gaban ƴan Yamai. Da ya faɗi haka na yi shiru na ɗan lokaci, don ni ma na ci dilon nan a gidan.

Amma duk da haka ban yarda ba. Farin malam ɗin da ke hoto na 9, mai baƙaƙen jijiyoyi a fiffike, Belenois aurota, a jikin anza da jiga yake yin ƙwai, ganyensu tsutsarsa ke ci. Mai ruwan ɗorawa na bakin rijiya, Catopsilia florella, tafasa da filasko ne abincin tsutsarsa. Na ruwan goro, tumfafiya. Ku duba jerin nan: anza, jiga, tafasa, tumfafiya. Duk tsiron da muke jin kunya, duk abincin shekarar wuya da ciyawar kango, su ne suka haifi kyawun da muka tafa wa. Ba don anzar ba da ƙwaron bai zo wurin ba balle a ɗauke shi. A ajinmu ana koya mana cewa kalmar da aka ciro daga jimla aka ajiye ita kaɗai rabin ma'anarta ta tafi. Malam-buɗe-littafi a kan atamfa tsanwa haka yake. Zai iya zama na Urno, zai iya zama na kalandar da ake rabawa a kantin magani.

Kuma akwai abin da na faɗa masa da bai ji daɗi ba. Masu hoton 2005 sun zo garuruwa masu kasuwa da makaranta da dariya, suka datse komai suka bar yaro da ƙuda. Shi ya je daji mai leda da anza da jar ƙasa, ya datse komai ya bar fiffike. Almakashi ɗaya ne. Su da shi duk sun yanke hukuncin cewa wurin, yadda Allah ya ajiye shi, bai isa a nuna ba.

Abin haushin shi ne, in tsanwa yake so ya nuna wa duniya, yankinmu yana da labarin tsanwa na gaskiya, kuma hoto ne ya tabbatar da shi. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. A 1984 aka fara babban aikin Keita da kuɗin Italiya, aka jera duwatsu a fako, aka yi ta dashe, mata ne ƙarfin aikin don maza sun tafi biɗa. Manoma kuma, musamman a Maradi da Damagaram, suka koma sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona maimakon su tumɓuke. Mutanen waje da yawa ba su san haka ta faru ba, labarin hamada na cinye Sahel suka riƙe. Sai da Gray Tappan, wani masanin taswira na Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, da masana na nan gida, suka ɗauko tsofaffin hotunan sama suka jera da sababbi. Wanda ya fi shahara na ƙauyen Galma ne, nan jihar Tawa: na 1975 fili ne da ƴan ɗigon itatuwa nan da can, na 2003 ɗigo ko'ina. Daga irin wannan aiki aka ƙiyasta eka mai yawa, hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Me ya ba hoton 2003 ƙarfi? Na 1975 ne, da ba wanda ya tausaya masa ya ƙara masa tsanwa. Da wani mai kishin ƙasa ya gyara shi a lokacin don kada Turawa su raina mu, da yau babu hujjar cewa iyayenmu sun yi aiki. Yanzu ku ɗauka wata ɗaliba a 2060 ta tsinci kwalin taubashina, ta je Urno a Oktoba ta duba. Za ta ce wayyo, daji ya mutu, da can kamar aljanna. Alhali ƙarya ce aka bar mata gado.

Kada a ce na haramta gyara. Waya ba ido ba ce. Takan duhunta abin da ke gaban haske, takan karkace, takan ɗauko fili mai yawa ƙwaron ya zama ɗigo. A datse gefe, a ɗaga haske, a miƙe abin da ya karkace, a rage dishi-dishi, duk wannan mai da hoto ne zuwa ga abin da ido ya gani. Mu ma in mun rubuta maganar gwaggo muna sa aya da waƙafi da alamar karin sauti, alhali ba ta furta su ba, don mai karatu ya ji ta yadda ta yi magana. Kalmominta ne ba mu da ikon taɓawa. Manyan ma sun taɓa zamewa a nan: a 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da ƴar uwarta don hoton ya shiga bangon mujalla, kuma har yau ana ba da misali da ita in ana maganar amana a aikin hoto. Su dala kawai suka matsar.

Akwai kuma gyaran da ba mutum ke yi ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro don ba a jin an yi laifi. Ya bi da hotuna biyar ta Remini don su ƙara fitowa. Manhajar nan ba ta je Urno ba. Inda hoto ya dusashe, zato take yi ta cike gurbi, sai ga ɗigo a bakin fiffike inda babu, ga layi ya haɗe inda ya rabu, alhali da irin waɗannan ɗigo da layi ake bambance wani iri da wani. Sai tsarin nan na waya mai dusashe baya da kansa, wanda aka yi don fuskar mutum. A hoto na 2 da na 18 ya cinye ƴan ƙahonnin ƙwaron, ya ɗauka ciyawa ce. Ku koma ku duba, gundulmi ne. Ƙahon nan mai ɗan ƙulli a kai yana cikin abin da ake raba malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta da shi. Mu ashirin da wani abu muka tsaya muna tafi, ba wanda ya lura, har ni sai a gani na biyu.

Da ya rubuta a saman kwalin cewa zane ne, ko kwalliya, ko mafarkinsa na Urno, da ban ɗauki biro ba. Mai zane yana da ikon ya yi malam shuɗi mai kai biyu. Shi ya rubuta "Abin da na gani", da hannunsa. Wannan jimla alkawari ce, kuma ina wurin, ba shi ya gani ba.

Abu na ƙarshe da ya rage mini a rai, ƙarƙashin hotunan babu komai sai lamba. Babu rana, babu wuri, babu sunan tsiron da aka samu ƙwaron a kai. Da na yi masa magana sai ya ce to me zai rubuta, ai duk sunansu ɗaya. Nan kam ya kama ni, don wannan ɓangarenmu ne, mu masu harshe. Torben Larsen, a littafinsa na 2005 kan su malam na Afirka ta Yamma, ya kawo iri kusan 1,500. Mu muna da suna ɗaya, kyakkyawa, jimla guda cur da kira da umarni a ciki, amma ɗaya. Itatuwa da ciyayi kuwa, tun 1916 Dalziel ya cika littafi guda da sunayensu na Hausa. Fara ma mun rarrabe ta, akwai babe, akwai ɗango, akwai farar tumfafiya da ba a ci, saboda fara tana cin gonarmu mu ma muna cin ta. Malam ba ya shiga tukunya, sai muka bar shi da suna ɗaya. Abin da ba ka da sunansa kuwa da wuya ka lura da bambancinsa, kuma ina zaton da akwai wata kalma a bakinmu mai nufin "mai farin baya", da yatsan ɗan kawuna ya tsaya kafin ya shafe. Tun da a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, irin wannan ƙaramin aiki yana jiranmu, kuma ba sai an kafa kwamiti ba. A fara da abin da ake da shi: malamin tumfafiya, malamin anza, malamin tafasa. Wanda kuma ya je gida hutu ya tambayi tsofaffi da makiyaya da yara masu kiwo, wataƙila akwai sunayen da ba su shiga ƙamus ba. In kun samo ku rubuto yadda aka faɗa muku, da "hw" ɗinsa da komai, ku sa sunan garin.

Allah ya sa bai goge na asalin ba, suna nan a katin wayarsa, ɗari uku da wani abu. Bayan doguwar ja-in-ja ya yarda a sa hoto na 7 a bangon baya na wannan ɗan littafi, na asali a sama, gyararre a ƙasa, da sharaɗin ni zan biya dala biyar-biyar na ƙarin shafin. Injin fotokopi bai san ruwan goro ba, don haka na ƙasan zai fito muku toka-toka gaba da baya. A na saman za ku ga fikafikan baya sun fito fari. Baƙin abin da ke kusurwar hagu kuma ba tawadar inji ba ce, ledar ce.